Ƙofar da Saƙo Ba Ya Wucewa

A filin jirgi, bakin ƙofar gilashi ta ɗakin hutun masu kati, wani ɗan kasuwa yana laluben aljihu sai wani dattijo mai jakunkuna uku ya matso.

"Alhaji, wai duk shekara biya kake don ka zauna a ciki? Saboda shayi da kujera mai laushi?"

"Ko shayin ban taɓa sha ba, Baba. Ƙofar nake biya wa."

"Ƙofa kuma?"

"Kullum ina kan hanya. A da, ina zama a waje sai wani ya gane ni: 'Don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa ɗana.' Ni kuma kunya ba ta barina in ƙi. Ranar da aka haɗa ni da injin niƙa, masu bincike suka tsare ni suna kwance shi, jirgi ya tashi, cinikin da zan je yi ya bi ruwa. Tun da na yi katin nan, daga ni sai jakata. Har barci nake, wallahi!"

"Kai, mutane ba su da tausayi! Af, wane jirgi za ka hau?"

"Wanda aka ce zai makara."

"Alhamdu lillahi! Ai garin da 'yata take aure zai je. Wannan ƙaramar jakar ba ta da nauyi ko kaɗan."

Ɗan kasuwar ya ɗora katinsa a kan na'urar ƙofa, ƙofa ta buɗe, ya shige.

"Ka gani ko, Baba? Yau ma katin ya yi mini rana. A gai da 'yar tamu!"