Allurar Shanu Ta Wuce Mu a Intanet

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni dattijo ne daga Kahu.

A da, in za a yi wa shanu rigakafi, mai unguwa ke yin shela bayan Juma'a. Bana muka yi ta jira, shiru. Da ciwon huhu ya shiga garkena, na je ofis, ma'aikaci ya ce, "Baba, ai an gama. Mun sa sanarwa a intanet."

Na ce, "Ɗana, wayata ko hoto ba ta nunawa."

Jiya saniyar da jikokina ke shan nononta ta faɗi, ko wuƙa ba mu kai ba. Sauran suna tari. Jama'a, don Allah, ina zan kai su?