Rumbun da na hana a buɗe

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Yakubu, manomi ne ni a nan bayan Cadawa. Da yawanku kun zo gaisuwar Innata bara, kun ci tuwo kun tafi, ba ku san abin da ke bayan tuwon nan ba. Yau zan faɗa, ko da kunya za ta kashe ni.

Ni tun tasowata mai zullumi ne, kuma gado na yi. Marigayi babana in hadari ya taso sai ya ce ƙanƙara ce, in bai taso ba ya ce fari ne. Sai ga shekarar da muka yi shuka har sau uku tana ƙonewa, muka rayu da tafasa da dusa. Daga nan abin ya kama ni gadan-gadan. Gabana faɗuwa yake ba dalili, wuyana a sanƙare, barci rabi da rabi. In yara sun tafi lakol, wato makaranta, babur nake gani ya kaɗe su. In matata Rahila ta yi tari sau ɗaya, ni har na haƙa kabari a zuciyata.

Da shekara ta zagayo Allah Ya ba mu hatsi, rumbu ya cika maƙil. Na ɗora masa jinka na ce ba mai taɓa shi. Kun san yadda muke, maigida ke hawa ya fiddo dami ya ba mata. To ni na ƙi hawa. Sai in sayo tiya guda ta masara, mutum takwas a kanta.

Rahila ta ce, “Maigida, dubi wuyan yaran nan fa.” Na daka mata tsawa, na ce, “Ke kin san abin da baɗi za ta zo da shi?” Ni a lokacin gani nake ni kaɗai ke da hankali a gidan.

Inna tana kwance, ba haƙori, ba abin da ke shigar mata sai fura. Wata safiya ta kira ni ta ce, “Yakuba, a sussuke mini dami ɗaya mana, in sha furar gonar babanka.” Na ce, “Inna, bari mu ga kamun damina.” Ta dube ni, ta ce, “To, Allah Ya kai mu.”

Bai kai ta ba. Kafin ruwan farko ta rasu.

Masu gaisuwa suka cika gida, dole a dafa. Na hau rumbu, na ɗaga jinka, na zura hannu. Kaico! Gara ta shigo ta ƙasa, ta mai da fiye da rabin hatsin turɓaya. Abin da na hana uwata, gara na tara wa. Nan na zauna gindin rumbu ina kuka kamar yaro, mutane na tsammanin kukan mutuwa ne kaɗai.

Fastonmu ya ja ni gefe, na kwashe duka na faɗa masa. Muka durƙusa. Ban iya doguwar addu'a ba, na ce kawai, “Ubangiji, na gaji da gadin gobe, Ka karɓa.” Ranar ne na fara jin an rage mini kaya.

Fasto bai tsaya nan ba, ya goya ni a babur har wurin likita a garin Agiye. Likitan ya ce wannan ciwon fargaba ne, ba rowa ba ce, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. Ya ce gado da wahalar da na sha su suka haɗu, shayi da goron da nake yini a kai suna ƙara hura wutar. Ya ba ni magani, ya koya mini jan numfashi a hankali, ya ce duk abin da na ji tsoro in faɗa wa wani da baki. Yanzu Rahila nake faɗa wa, wani lokaci har ta yi mini dariya.

Ba zan ce ciwon ya tafi duka ba, har yau yakan leƙo. Amma bana da hannuna na fiddo damin farko. Rahila ta dama fura ta miƙo mini, na riƙe ƙwaryar na kasa sha. Na kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, na zauna har ta shanye.

Na gode wa Yesu da Ya tsamo ni. Ɗan'uwa, in zuciyarka na yi maka haka, ka dogara gare Shi, ka yi magana, ka je likita tun naka suna da rai. Amin.