Tambayar da Gwaggo ta amsa a madadina

Assalamu alaikum, Anti mai gabatarwa. Daga Baure nake rubuto miki, inda na zo wankan jegon ɗana na fari.

Kwanaki wasu mata daga jami'a suka shigo gidanmu, suna bincike kan lafiyar masu jego. Ɗayarsu ta zauna kusa da ni, ta ce, "Ƙanwata, in kin ɗauki jaririn nan, kina jin daɗi a ranki?"

Kafin in buɗe baki, Gwaggo ta yi dariya. "Haba 'yar boko! Ɗan fari ne fa. Kunya take, ko kallonsa ba ta yi. Tarbiyya ke nan."

Matar ta daɗe tana kallona, sannan ta tafi.

Anti, wallahi ba kunya ba ce. A littattafan da nake karantawa, uwa kan rungume ɗanta ta yi kukan murna. Ni in na ɗauke shi, tsoro kawai nake ji. Tambayar nan bina take har bakin tukunyar wanka.

Masu sauraro, ku taimake ni da shawara. Wa zan faɗa wa, tunda a gidanmu ciwon nawa ake yabo?