Randata tana yi wa maƙwabci talla

Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu saurare.

Ina da butik, wato kantin kayan masarufi, a Zongo. Tsadar hatsi ba zan taɓa ta ba, zamanin soja ne. Da farin nan ya kashe ciniki, na ajiye randar ruwan sanyi a ƙofa kyauta, don mai sha ya leƙo ya saya. Maƙwabcina Yohanna, mutumin Dogon Dutsi, shi ma mai butik, sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumfarsa. Yanzu a sha wajena, a sa mini albarka, a zauna wajensa a sayi sukari. Na yi ƙorafi, ya ce, "Alhaji, kai lada kake nema, ni ciniki."

Jama'a, ku ba ni shawara. In ɗauke randar cikin ƙishin nan, da wane ido zan dubi unguwa?