Man Zurmar Khairiyya

A tashar Wurno, tsoho Mainasara na zaune rungume da kwalin man zurma na 'yarsa Khairiyya, zai kai Sakkwato. Wata hajiya ta leƙo.

"Baba, mi kaka saidawa?"

"Man zurma na, Hajiya. Ɗiyata ka tatsa tai. Kaushi da faso duk yana gyarawa."

"Zurmar da ka tsirowa bisa juji? Allah shi kiyaye! Ni na Indiya nika shafawa." Ta ciro kwalba daga jaka. "Dubi huskata!"

Mainasara ya karɓa, ya duba murfin, ya gyara zama.

"Wallahi ya karɓe ki. Amma wanga jan zare na wuyan kwalba, ni ka ɗaura shi da hannuna. Indiyar taki tana ƙauyenmu Kwargaba, Hajiya, gindin dangata."