Matuƙiyar Jirgin Taurari Tana Raye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya.

Bello mai albasa ne daga Boɗinga, yau bakina har kunne. Muna yara akwai wani shirin talabijin na mutane masu yawo a jirgi tsakanin taurari. A gidan kawuna muke kallo, ni da ɗansa Sani, taubashina, wanda yanzu yake Shagari. Aka daina nuna shirin daidai inda matuƙiyar jirgin ta faɗa wata duniya mai wuta. Na ce tana raye, Sani ya ce ta ƙone. Muka yi alkawari wanda ya sha kaye zai ɗauki kayan ɗan'uwansa a ka ranar kasuwa. Tun daga nan, ko a wurin suna muka haɗu sai ya ce, "Bello, ina labarin matarka ta sama?" Har 'ya'yana ya koya wa tsokanar.

To, bana aka sake shirya shi da sababbin 'yan wasa, muka riƙa binsa a waya. A ƙarshen zangon farko sai ga matuƙiyar nan ta fito daga wani kogo, da furfura kamar tawa!

Ranar kasuwa Sani ya cire hula, ya ɗauki buhun albasata har tasha, yana haki yana cewa, "Wagga ba ita ta ba, wata ta sunka kawo!"

Masu sauraro ku ba ni shawara, buhu ɗaya ya isa ko in ƙara masa? Ina gaida Sani, da fatan wuya ya saki.