Ni Na Hana Yayana Magana

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni mai sayar da kabeji ne a Farin Gada.

Zamanin mulkin soja, wani hafsa ya sa aka doki yayana har hannunsa ya shanye, don kawai ya yi ƙorafi a layin mai. Da farar hula suka hau, aka ce duk wanda aka zalunta ya zo ya faɗa. Ya shirya tsaf, ni na tare shi. Na ce, "Yaya, a bar wa Allah."

Bara ya rasu. Yau ga hoton hafsan nan manne a rumfata, ya tuɓe kaki ya sa babbar riga, yana neman ƙuri'a.

Jama'a, ku gaya mini gaskiya. Haƙuri na ba yayana, ko bakinsa na toshe?